Ziyarar Sojojin Yumɓu a Riyad

Manfuha

Ana idar da sallar asuba muka fita, ni da Ilu, magini ɗan Maraɗi da muke ɗaki ɗaya. Wani injiniya ɗan Sin a wajen aikinsu ne ya ce masa an kawo sojojin yumɓu daga ƙasarsu zuwa gidan tarihi. Lokacin iƙamar Ilu, wato katin izinin zamansa, ta kusa ƙarewa, kafil ɗinsa, ubangidan da ya tsaya masa, na jiran amsa, zai sabunta ko zai tafi.

Batha

Shida da rabi bas ta sauke mu. Ɗan sanda ya duba katin Ilu, ya ce, "Baƙi shahar," wato saura wata guda. Muka karya da wake da gurasar tamis, muka taka da ƙafa.

Gidan tarihi

Ga su tsaye cikin gilashi, tsawonsu ya kai namu, kowa da kamanninsa. Wani dattijo Balarabe mai yi wa baƙi bayani ya ce sojojin na ƙasar Cin ne, wadda a da ƙaramar ƙasa ce ta masu kiwon dawaki, maƙwabta suna raina ta. Ta gyara noma, ta tsananta doka, ta riƙa ba da muƙami don aiki, ba don gado ba. A hankali ta cinye ƙasashe shida, sarkinta ya zama sarkin sarakunan Sin na farko. Ya daidaita rubutu da mudu, har faɗin amalanke. Da yake ni direba ne, nan na tsaya ina ta tambaya.

Ilu ya taɓa ni. "Sa'idu, tambaye shi su wa suka ƙera waɗannan."

Dattijon ya ce ma'aikata ne da aka kwaso daga garuruwa masu nisa. Wasu an sa su buga sunansu a jikin yumɓun, don in aiki ya ɓaci a san wanda za a hukunta.

"Sun koma gida?"

"Da yawa can aka binne su."

Komawa

Da bas ta wuce maƙabartar Oud, Ilu ya juyo gare ni.

"Shekara tara ina ɗora bulo a garin nan," in ji shi, "Inna kuwa tana kwana a ɗakin da ke yoyo."

Nan cikin bas ya kira kafil ya ce ba zai sabunta ba. Mun iso Manfuha lafiya da azahar, mun gode Allah. Da la'asar na raka shi sayen akwati.