Ƙwarya a Kafaɗa

Ko tsufa ya rikita ni, akwai ranar da ba za ta fita daga raina ba: ranar da na tsayar da aikin fim a bakin kogin Kaduna saboda ƙwarya.

Mai fim ɗin wani Alhaji ne, maƙwabcinmu a Rafin Guza. Tun talabijin ba ta da kala yake wasan kwaikwayo. Ya fito a mai gadi, ya fito a direba, da gemunsa ya yi fari aka mai da shi uban gida mai sa albarka. Kowa ya san fuskarsa, amma ba a taɓa ba shi babban matsayi ba. Da ya kusa ajiye sana'ar, sai ya ce zai yi fim nasa na kansa a kan kafuwar garinsu, wani ƙauye ta hanyar Zariya, inda mafarauta suka zo suka tarar da Gwarawa suna noma. Shi zai fito a shugaban mafarautan, da dogon jawabi a ƙarshe.

Ana neman matan da za su cika wuri, na je. Lokacin ban daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci a Kinkinau ba, ga ni da jikoki, kuma duk takardar da na gani sai na karanta, ko ta ƙunshin ƙosai ce. Na ɗauki ta darakta a kan kujera, na bi da yatsa: matan Gwari sun hawo daga kogi da ƙwarya a ka.

Na ce ba haka ba ne. Kakata ta wajen uwa Bagwariya ce, a hannunta na tashi, har ta rasu ban ga ta ɗora ko tsinke a ka ba. A kafaɗa suke ɗaukar kaya, don a wurinsu kai ya wuce a mai da shi jaki. Darakta ya ce kwana uku ke nan suna ɗauka a haka, kyamarar ta aro ce, gobe za a mayar, yammacin nan kuma na jawabin Alhaji ne. In koma layi ko in koma gida.

Na wuce shi, na sami Alhajin zaune da kwari da baka.

"Alhaji, tun kana saurayi kake faɗin abin da wasu suka rubuta maka. Yau da kai ka rubuta, garinku za ka yi wa ƙarya?"

Sai ya ce:

"Hajiya, tsohuwar da ta yaye ni ma a kafaɗa take ɗauka. Na sani. Tsoro na ji kada 'yan kallo su yi dariya."

Ya ce a sake. Ni na koya wa matan yadda ake karkata wuya a tallafe ƙwaryar, muka yi ta hawa da sauka har rana ta faɗi. Jawabin bai samu shiga ba. Da fim ɗin ya fito, an gan shi sau biyu kawai, yana tafe bayan wasu, kamar yadda aka saba ganinsa. Bai sake yin wani ba.

Ban ba shi haƙuri ba, don har yau ban ga laifina ba. Muna gaisawa ta kan katanga har ya koma garinsu. Amma ranar na daina yi wa kaina kirari da faɗin gaskiya. Ni baki kawai na buɗe. Shi ne ya ajiye abin da ya yi rayuwarsa yana jira. Tun daga nan, in zan faɗa wa mutum gaskiya sai na fara duba abin da za ta raba shi da shi, sannan in faɗa.