Ranar da Na Rufe wa Fitila Ido

Shekara goma sha ɗaya na yi ina gyaran wuta a wata masaka a Sharaɗa, kuma rabin shekarun nan jiran wutar na yi. In an kawo, kafin injuna su yi zafi an ɗauke. Janareto ya sha gas har masu kamfani suka gaji, ran nan suka tara mu, suka yi mana godiya, suka sa kwaɗo a ƙofa. Kamfanin robobi da ke kallonmu bai ƙara wata uku ba shi ma ya bi sahu. Na koma gida ina gyaran fanka da dutsen guga.

Bayan layin kamfanonin ya mutu murus, sai aka tuna yana buƙatar haske. Wani ɗan kwangila, wanda a da yake kawo mana rini, ya same ni a gida ya ce zai kafa sababbin fitilu a titin, yana neman mai hawa falwaya. Ya buɗe kwali ya nuna min kan fitilar: ƙananan ƙwayaye farare a jere kamar idon kifi, da faranti mai zuƙar hasken rana.

"Wannan ba ta cin wuta, Malam," ya ce. "Tsimin wuta ake yi yanzu a duniya."

Na ce, "Alhaji, ai mu mun riga duniya."

Bai yi dariya ba, amma ya ɗauke ni aiki. Muka sauke tsofaffin fitilun masu jan haske, waɗanda na manta yaushe rabon da su kama, muka ɗora sababbi. Ana jibi bikin buɗewa aka gano matsala. Babban baƙo zai zo da hantsi, yana son ya danna maɓalli, fitilun kuwa ba su da maɓalli. Da kansu suke kamawa in farantin ya daina ganin rana.

Ɗan kwangila ya sa na haɗa akwatin katako, na shafa masa koren fenti, na liƙa makunnin fanka a jiki, na ja waya na binne bakinta a ƙasa. Ni kuma aikina in hau falwayar da ke bayan rumfar baƙi da buhu a hannu. Da baƙo ya danna, in lulluɓe farantin, fitila ta ɗauka dare ya yi.

Tun kafin motoci su iso nake sama. Aka yi addu'a, aka yi jawabi huɗu, duk a kan farfaɗo da masana'antu, ƙarfe yana gasa min tafin hannu. Babban baƙon dattijo ne mai fara'a. Ya gyara babbar riga, ya yi bisimilla, ya danna. Na kifa buhu.

"Ta kama!" in ji ɗan kwangila, da ƙarfi. Tafi ya ɓarke. Dattijon ya kare ido da hannu ya ɗaga kai, rana tana dukan fuskarsa, ya ce, "Kai, masha Allah, akwai haske." Ya hango ni a maƙale ya ɗaga min hannu, ya ce wa na kusa da shi, "Ga ma'aikata nan, ko yau ba su huta ba."

Ni da nake dab da fitilar na san ba ta kama ba. Buhun shara-shara ne, rana tana ratsa shi. Sai da motoci suka tashi na cire rigata na ɗora a kai, don dai in san gaskiya, ta yi ƙyaf ta kama. Ba wanda ya gani sai tsohon maigadin masakarmu, mutumin Nijar, wanda aka bari yana tsaron kwaɗo.

"Malam, sauko hakanan," ya ce. "An gama biki."

Fitilun dai sun yi aiki, ba zan ɗauki alhakinsu ba. Da magariba sukan kama reras, har kana iya karanta takardar sallamarmu da ke manne a ƙofa daga tsallaken titi.

Da damina ta faɗi na bi ta layin bayan sallar magariba, na tarar da maigadin ya jera kwanuka da ruwa a gindin kowace falwaya. Shinge ne, garar nan mai fiffike, ke zuwa wa farin hasken kamar an aike su, suna faɗawa ciki. Ya ce da safe yake soya su, matan unguwa suna saye, har daga Challawa ana aikowa. A iya sanina, kayan da layin ya fitar ke nan a shekarar. Ya ɗebo min a takarda.

"Ku ci, Malam," ya ce. "Aikinku ne."

Na ci. Gishiri ya ɗan yi yawa.