Waken Baba da ƙofofin ganye

A bayan kowane ganye akwai 'yan ƙofofi da yake numfashi ta cikinsu, ta nan kuma ruwansa ke fita. Ido ba ya ganinsu. Sai an shafa wa ganyen farin man farce na mata, a bari ya bushe, a ɓanɓaro shi da salatef, a manna a kan gilashi, a sa ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, a ɗauki hoto. Daga nan sai zaman ƙirga a gaban kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya, ana auna tsawonsu, har idon mutum ya riƙa yaji. Aikin da na zaɓa ke nan a shekarata ta ƙarshe a jami'a, kuma don waken Baba na zaɓe shi.

Wake ne ja, ƙanana, da ya gada wajen tsohuwarsa. Duk ƙauyenmu da ke kusa da Tsarnawa an koma sabon iri, shi kaɗai ya rage yana shuka shi, abin da yake ajiyewa bai fi cikin gora ɗaya ba. Malamina ya ce in ƙirgata ta nuna waken na jure fari, zai sa a karɓi irin a adana shi a rumbun gwaji. Buƙatata ke nan, kada irin ya ɓace.

Zuwan farko da kaina na yi. Na ɗaure wa tushe goma jan ƙyalle a tsakiyar gona, inda rana ke dukansu. Ƙofofin suka fito ƙanana, a cunkushe, alamar jure fari, malamin har da gyaɗa kai. Amma ya ce sai an maimaita sau biyu, ni kuwa karatu ya hana ni dawowa. Sai na koya wa Baba.

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki ganinsa da kwalbar man farce.

"Malam, in ka gama da waken ga ƙahwata nan."

"Ke dai bari, aikin gwamnati na," ya ce, yana kai kwalbar aljihu.

Gilasan suka iso ta hannun wani direban Konni, a naɗe cikin tsohon rawaninsa, an yi su tsaf, sun ma fi nawa kyau. Amma da na duba hotunan sai na ga bambanci. Ƙofofin manya ne, a warwatse, kamar ba waken ba. Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Aike na biyu ma haka. Malamin ya ce ba a tsayawa a kan ƙirgar da ke ƙaryata kanta, maganar iri sai baɗi.

Da na samu hutu gona na fara zarcewa. Tushen nan goma suna nan da ƙyallensu, ganyen sun yanƙwane, ƙwari sun huhhuda su, babu wanda aka taɓa. A bayan gida na ga abin da ya faru. Akwai 'yan tushen wake ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, inda ruwan wanka ke malala, kore shar, faffaɗa, da tabon mai yana sheƙi a jikinsu.

Ina da zuciya, kowa ya sani, amma ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar.

"Baba, mi yas sa? Ba ga ƙyalle na ɗaure ba? Kun ɓata min shekara guda!"



"Na tai gonar har sau ukku da kwalbar," ya ce. "Ganyen duk huji. Nic ce ba a kai ma manya tsumma, bale da sunan ɗiyata a kai. Kar su yi miki dariya."

Ko wannan bai sanyaya ni ba. Da safe ya ƙulla mini tafi biyu na irin a ƙyalle, ya ajiye kusa da jakata, ya ce in tafi da shi. Ina gani na tsallake ƙullin na fita. So nake ya ji ciwo, kuma ya ji.

Damina ta gaba ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, sai ya ɗauke. Tsiron ya ƙone. Da ya sake sauka Baba ya zuba irin da ya rage, ruwan ya sake ɗaukewa. Na kira shi a waya ina tambayar gona, ban dai iya cewa ya yafe mini ba.

"Waken ya ƙare," ya ce. "Ki gahwarce ni, ni na ɓata."

"Ba saura ko kaɗan, Baba? Ƙullin nan da kunka ba ni fa?"

"Na aje miki shi har shibka ta biyu. Da nig ga ba ki aiko ba, sai nis sa shi ƙasa."