Murjanin Aro

Ɗiyata ta fari, wadda ba na faɗin sunanta, ga ta can tsakar gida tana tsince shinkafa. Da an bar ta, da bara ta gama jami'a.

Mahaifinta, Allah Ya jiƙan shi, ɗan kasuwar albasa ne nan Illela. Shi ya kai ta jami'ar 'yan Katolika can kudu, bisa shawarar wani abokin cinikinshi Ibo. Ya ce can babu yajin aiki, babu yawon banza, Sistoci na tsare da 'yan mata kamar kaza da 'yan tsakinta. Ni da ko Sakkwato sai ciwo ke kai ni, mi na sani game da jami'a? Kuka dai na sha a madafa, na ce hayaƙi ne.

To amma ta waya na ga duniya ina zaune kan kujerata 'yar tsugunno. Duk Juma'a sai ta kira, in ajiye muciya in buɗe kunne. Ɗakinsu kamar kasuwar Lahadi: ga Bayarabiya musulma, ga 'yar Tibi, ga wata daga Kamaru da ke zagi da Faransanci irin na direbobin Ƙonni, ga kuma aminiyarta, Ibo. 'Yar Tibi ta ɗanɗana fura ta ce wannan ai tuwo ne aka yi wa wanka. Babban Fada na makarantar ya ba musulmi ɗaki su yi sallah, har ya sa aka ja masu famfo don alwala. In azuminmu ya zo, aminiyar nan ke karɓo mata abinci ta rufe shi har rana ta faɗi. In nasu ya zo, ba su cin nama ran Juma'a, sai ɗiyata ta ɓoye kilishin da nake aika mata don kada ƙamshi ya cuci baiwar Allah. Aminiyar takan karɓe wayar ta ce, "Inna, ina kwana!" ko da la'asar sakaliya ne. In ce, "Lahiya lau, ɗiyata, kin tashi da wuri yau."

Ɗiyata na shekara ta biyu mahaifinta ya rasu. Gida da shago da mu duka muka koma hannun wan shi, Bappan yaran.

Makarantar nan suna da abin da suke kira ranar al'adu. Dokar ranar ita ce ba mai sa kayan garinsu, sai dai ka yi musanya da abokin zamanka, kowa ya ji yadda rigar wani take a jiki. Ɗiyata ta roƙe ni zanen saƙina, wanda uwata ta zo da shi daga Tozai. Na naɗe shi da lalle da kilishi, na ba direban motar albasa. Da hoton ya zo, dariya na yi har da hawaye. Ga 'yar Ibo cikin zanena, ɗauri ya karkace, ta miƙo tafin hannu a ga lalle. Ga ɗiyata da riga mai dogon hannu da zani biyu da ɗankwali kamar faifai, wuyanta cike da jan murjani na uwar aminiyarta. Can gefe Fada na tsaye da farar rigarshi yana murmushi.

Wani ɗan Bappan ya ga hoton a shafin makarantar. Kafin in sauke tukunya ya zaga unguwa.

Bayan la'asar Bappa ya aiko in zo zaure. Na taras da shi da ƙannenshi da maƙwabci, waya a hannu.

"Mi ke ga wuyan yarinyar nan?" ya ce.

"Murjani ne, Yaya."

"Murjani? Tasbahar coci dai. Ga liman ɗinsu nan tsaye, ga farin kaya. Wanga ai wankan shiga addini ne aka yi mata."

"Yaya, tasbaharsu ƙanana ce, da gicciye a ƙasa. Wanga ado ne, irin na biki. Dubi ɗayar yarinyar, zanen uwata ne jikinta. Ita ma ta musulunta ke nan?"

Maƙwabcin ya yi tari don kada dariya ta kuɓuce mashi. Wannan tarin shi ya kashe ni, don Bappa ba ya yafe a yi dariya ba da izininshi ba.

Na ƙara da cewa, "Ka tambayi abokin cinikinku. Matar shi na sa irin shi duk Kirsimeti, ran da take aiko muku da shinkafa da kaza kuna ci."

Ya ajiye wayar, ya dubi ƙannenshi. "Jama'a, kun gani? Uwa na yi wa 'yar fari lauya gaban surukai. Kunya ta ƙare Illela." Sai a lokacin aka yi dariya, mai izini. Ya ce, "Tashi ki shiga gida. In ta zo hutu, ta zo ke nan."

Wanda bai tashi a cikinmu ba, ba zai gane yadda maganar nan ke ɗaure baki ba. Ɗan fari ba a kiran sunanshi, ba a yabon shi, ba a tsaya mashi a idon mutane. Na rayu da wannan ban taɓa jin nauyinshi ba sai ranar. Da 'yar autata ce da na yi birgima a zauren nan.

Ta zo hutu da 'yar jakarta, ta bar littattafanta can don tana ganin komawa za ta yi. Da Bappa ya gaya mata ba komawa, ba ta yi kuka ba, ta dai dube ni. Fadan ya kira da kanshi, da Hausarshi mai kyau, don ya zauna Arewa. Bappa ya ce mashi, "Mun gode, ka ji da naku," ya kashe. Abokin cinikin ma ya zo har shago ya yi bayani. Aka ba shi kujera da ruwan sanyi, aka yi cinikin albasa, aka sallame shi. Albasa ba ta da addini, sai ɗiyar marigayi.

Bappa ya ce zai nema mata gurbi a Sakkwato. Damina ta wuce, wata ta wuce. 'Ya'yanshi maza na ƙetara iyaka su kwana Ƙonni, ba mai tambayar abin da suka rataya a wuya. Ita kuwa wadda ba ta taɓa sakin sallah ba cikin ƙarar ƙararrawar coci, ita ce abin tsoro.

Bara da 'yan ajinsu suka gama, aminiyar ta aiko da zanena ta hannun direban nan, a wanke a goge. Da na warware shi, murjanin ya faɗo kan tabarma. Ta kira ta ce uwarta ce ta ce a ba ni. Ba ta ce "ina kwana" ba ranar, kuka ya hana ta.

Da aka yi sunan jikan Bappa, na rataya murjanin a wuya na tahi. Mata suka yi ta shafawa, uwargidanshi ta ce in ara mata ran bikin ƙanwarta. Da na je gaishe da Bappa, na sassauta mayafi don ya gani da kyau. Ya duba, ya gyaɗa kai.

"Masha Allahu. Na Makka ne wanga?"

"Na aro ne, Yaya," na ce.

Na dawo gida na gaya wa ɗiyata, ina zaton za ta yi dariya. Ta ɗaga kai daga faifan ta ce, "Inna, in ɗora ruwan yanzu, ko sai an yi la'asar?"