Faifan Kaka da Duman Baba

Ɗan maraƙi ne ya ja mana duk wannan. Ya tsinke igiya da hantsi, ya zaga gida bai ga inda ya yi masa ba sai ɗakin Inna, ya shiga ya zuba ƙafa cikin babbar ƙwaryar da nono yake kwana a ciki. Ƙwaryar dama ta sha ɗinki, gyartan ƙauyenmu ya san ta kamar shi ya haife ta. Wannan karon da aka kai masa sakainun a ƙunshe cikin zane, ya juya su, ya ce a gaida Inna da haƙuri, babu sauran inda zai soka.

Inna ba ta yi kukan ƙwarya ba. Abin da ya tsaya mata a rai faifan da ake rufe ta da shi ne. Kakata, mahaifiyarta, ita ta ɗinka shi da hannunta a shekarar da za a kawo Inna gidan Baba, ta auna shi da bakin ƙwaryar har ya zauna daram, da rarar ɗan yatsa ɗaya a gefe. Ja da baƙi ne a tsakiya, koren da ke bakinsa ya koɗe tuntuni. Kaka ta rasu ina goye, ko foto ba ta bari ba. Faifan nan shi kaɗai ne abin da hannunta ya taɓa a gidanmu, kuma Inna tana son ta gan shi a bisa nono kowace safiya kamar yadda ta saba.

Sai ta shiga neman ƙwaryar da za ta dace da shi. Ta sa shi ƙarƙashin mayafi ta hau amalanke zuwa kasuwar Yekuwa, ta je ta Magariya, har Mallawa sai da ta taka. Amma zamanin roba ne, wa yake wahalar noma manyan duma? Duk ƙwaryar da ta gwada, faifan ya zauna mata kamar malafar Baba a kan jariri. A Mallawa ne wata tsohuwa mai sayar da ludaya ta ji tausayinta, ta ƙulle mata 'ya'yan duma irin na masaki, wato babbar ƙwarya, a bakin zane.

Da ruwan shuka ya sauka, Inna ta ajiye ƙullin gaban Baba.

"Malam, ka shuka mini wannan. Babba nake so, wanda faifan nan zai zauna masa."

Baba ya ji rabin farko sarai. Rabi na biyu iska ta tafi da shi.

Dole in faɗi halin Baba. Mutum ne da bai iya yin abu kaɗan ba. In ka roƙe shi ya gyara maka shinge, ganuwa za ka tarar. Ya zaɓi daidai inda shanu suka kwana duk rani, inda taki ya yi baƙi ƙirin, ya shuka, ya kewaye da ƙaya har sawu biyu. Duma ya fito ya yi yaɗo, ya yi fure, ya zuba 'ya'ya birjik. Ana nan sai labari ya kai kunnen wani taubashinsa da ke zaune a ƙetaren iyaka, wanda tun suna yara ba su taɓa yarda ɗaya ya fi ɗaya ko da tsawon inuwa ba. Ya kira a salula ya ce shi ma ya shuka, kuma ƙasarmu ta Nijar rairayi ce, ƙoƙon shan magani kawai za ta iya haifarwa. Daga ranar duma ya tashi daga na Inna ya koma na Baba.

Ni lokacin ina koyarwa a wata lakwal, makarantar boko, a Magariya, na zo gida bakansi, wato dogon hutun damina. Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kama sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. In tana son abu sai ta dubi bango ta ce a gaya wa waccan ta ɗauko maburgi, ni kuwa ina zaune kusa da ita har gwiwarmu na gogar juna. Baba shi ba ruwansa da wannan kunya, ni ce abokiyar shawararsa. Na tarar ya zaɓi ɗa ɗaya cikin 'ya'yan duman, mai kyan zagaye, ya tsinke sauran duka don kada su raba masa abinci. Duk wanda ya sake leƙowa ƙarƙashin ganye, kafin ya kai ƙwan zabo Baba ya murɗe shi. Na ce masa dabara ce mai kyau. Ni ma ɗiyar ubana ce.

Awo kuwa ranar Juma'a ake yi, in ya dawo daga masallaci, ko riga bai cire ba. Yana da siririyar igiyar kaba da ya tufka don wannan aiki kaɗai. Ya durƙusa ya zagaya ta a jikin duman inda ya fi faɗi, ya yanke daidai inda bakin ya haɗu. In an yi ruwa a makon sai ya ƙulla mata ƙulli, kowane ruwa da nasa. Sannan ya kawo ta rumfa ya rataye a jikin azara kusa da ta makon jiya. A hankali igiyoyin suka jeru, kowace ta ɗara 'yar'uwarta tsawo, kamar 'yan ajina in sun yi layi da safe. Baƙo bai isa ya sha ruwa a gidanmu ba sai an karanta masa su. Wannan makon ruwa uku, ga tsallen da ya yi. Wannan makon fari, dubi yadda ya ja birki.

Aikina shi ne foto. In ɗauka, in hau tudun bayan gari inda ake samun rezo, wato sabis ɗin waya, in tura wa taubashi. Shi kuma ya amsa cewa foto maƙaryaci ne, kusa na kai salular. Sai Baba ya ɗora wa duma hularsa muka ɗauka. Aka ce hular yaro ce. Ya kamo kaza ya ɗora, ta ƙi tsayawa. A ƙarshe shi da kansa ya zauna ya rungume shi yana washe baki, ban taɓa ganin ya rungumi ɗayanmu haka ba. Mun sha dariya a daminar nan, ba zan ɓoye ba.

Inna ma tana nata awon, ba wanda ya kula. In an gama tatsar yamma sai ta sa faifai cikin mayafi ta zaga, ta ɗora shi bisa duman ta duba gefe da gefe, ta dawo. Wata Juma'a a tsakiyar damina, Baba yana rataye sabuwar igiya, ta shigo ta tsaya a bakin rumfa.

"Malam, ya kai."

"Ina fa ya kai," in ji Baba, bai ko waiwayo ba. "Yanzu ya fara."

Ta tambaya ko za a iya yanke shi haka. Ita ma ta san amsar, kowa ya sani. Ɗanyen duma in ka raba shi da uwarsa ruɓewa yake, sai an bar shi har igiyar da ta riƙe shi ta bushe don kanta. Na ga ta koma cikin shingen, ta sunkuya tana ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa wani ƙaramin ya tsere wa Baba. Baba ba ya aiki rabi. Babu ko ɗaya. A nan na fahimci abin da muka yi. In ƙwarya ta fi faifai faɗi, ba zama zai yi a bakinta ba, faɗawa zai yi cikin nono.

Inna ta shiga ɗaki ta rataye faifan a bango. Nono ya ci gaba da kwana a roba da murfin tukunya a kansa. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mana sauƙi. Wata safiya Baba ya kurɓi kindirmo ya ce yana jin warin roba, kallon da Inna ta yi masa ya sa ya shanye sauran ba tare da ya ɗago kai ba.

Daga nan Baba ya koma roƙon duma ya tsaya. Ya daina kai masa taki. Ya daina neman foto, in taubashi ya kira sai ya ce babu rezo, alhali a cikin salular yake faɗa. Wata rana na kama shi da igiyar ɗaure shanu zai ɗaure wa duman ƙugu, na ce masa gora zai samu mai wuya, ya saki. Shi kuwa duma ya riga ya sami ƙasa mai daɗi, ko a jikinsa. Amma awon Juma'a bai fasa ba. Sai dai yanzu a ɓoye yake zuwa, ya yanko igiyarsa ya rataye da sauri kamar mai ajiye kayan sata. Na tambaye shi me ya sa bai bari ba, ya ce abin da aka fara rubutawa ba a barinsa babu ƙarshe.

Aka koma lakwal na tafi. Sai bayan an gama girbin gero aka aiko mini cewa duma ya bushe, na hau moto, wato babur, na zo. Maza biyu suka kinkimo shi a tabarma, rabin ƙauye na biye. Gyartai ya zo da wuƙarsa. Na ji Baba yana raɗa masa ya yanka can sama, don bakin ya tsuke. Inna ta jiyo daga ɗaki, ta ce ita ƙwarya ta nema ba tulu ba, a yanka a tsakiya yadda ake yi. Aka yanka, aka fafe, aka jiƙa ɗacin ya fita, aka shanya. Rabi ɗaya Baba ya aika wa taubashi a motar kasuwa ba tare da saƙon komai ba, kuma har yau taubashin bai ce ya ga aike ba.

Da na sake zuwa ƙarshen mako, ƙwarya ta yi fes. Inna ta sauko da faifan daga bango, ta kakkaɓe shi, ta ɗora. Ya zarce ciki ya zauna a gindi da wani ɗan sauti. Duk mun san haka za a yi, amma ganin ya fi sani ciwo. Baba ya tashi ya ce bari ya dubo shanu, shanun da ke daji tun safe.

Bai kai ƙofa ba Inna ta ce, "Malam, ba ni igiyoyin nan naka."

Ya tsaya. Ya ce ai waɗannan ba na aiki ba ne, tarihi ne, jikoki zai nuna wa. Girman duma kowa na iya dacewa da shi, igiya ce take nuna yadda aka yi. Inna ta dai bar hannunta a miƙe. Baba ya dubi azara ya daɗe, sannan ya kwance su ɗaya bayan ɗaya ya zuba mata a cinya.

Ta ware gajerun ta mayar masa. Ta riƙe daga ta Juma'ar da ta ce ya kai zuwa ta ƙarshe, ta jiƙa su a ruwa tare da sabuwar kaba. Sannan ta ɗauki reza ta soma kwance ɗinkin bakin faifan, koren nan da Kaka ta rufe aikinta da shi. Na ga hawaye ya sauka a bisa kabar, ta share da bayan hannu ta ci gaba. Ni ma sai da na juya baya.

Ta ɗauki igiyar farko ta kwantar a gefen faifan, ta bi ta da basilla tana naɗe ta da kaba. Igiyar ta zagaye shi, bakinta ya haɗu. Ta biyu ta ɗara ta kaɗan, ta hau bayanta ta zauna. Kowace Juma'a ta zama zagaye ɗaya, faifan yana girma yadda duman ya girma. Inda Baba ya yi ƙullin ruwa, ɗinkin ya ɗan tasa, ana jin sa da yatsa. Baba ya manta da shanu, ya tsuguna nesa kaɗan da gajerun igiyoyinsa a hannu, yana kallo har aka kira la'asar.

Aikin ya kai ta washegari. Ina haɗa kayana zan koma Magariya, saura igiya ɗaya, mafi tsawo. Inna ba ta dubi bango ba. Ni ta duba.

"Ke, zo ki zauna." Ta miƙo mini basillar. "Wannan zagayen naki ne. Ki ja da kyau, ke za ki zauna da shi bayana."

Ni da alli na saba, ban taɓa ɗinka faifai ba. Na soki yatsa, na tsinke kaba, ɗinkina ya fito wani wuri a cushe wani wuri da giɓi, mai moto yana ta hon a waje. Na ce mata ta kwance ta gyara in na tafi. Ta karɓa ta ɗora a bakin ƙwaryar, ya zauna daram, da rarar ɗan yatsa ɗaya. Ta ce a gaya wa waccan cewa mai moto na jira.

Ba ta kwance ba. Har yau in za ta buɗe nono da safe, ta gefen da ɗinkina ya fi karkacewa take kama shi.