Ranar da Aka Fara Gwajin Daga Kaina

Har na bar aikin nan ba zan manta da wata Laraba a wani ƙauye na Sule Tankarkar ba. Lokacin ina babbar jami'ar lafiya mai kula da wayar da kan mata a shiyyarmu, daga Gumel har bakin iyaka a Maigatari. Aikina shi ne in tara mata in yi musu bayanin sankarar bakin mahaifa, in lallashe su su yarda a duba su. Baki kuwa Allah ya ba ni. Idan na fara, har ni kaina burge kaina nake yi.

Ga waɗanda ba su san gwajin ba, ba wani abu ba ne mai tsawo. Mace za ta kwanta, a sa wani ƙarfe mai kama da bakin agwagwa a buɗe, a shafa ruwan khal, wato ruwan tsami, a bakin mahaifa, a jira minti ɗaya. Idan wani wuri ya yi fari, alama ce ta tabon da zai iya zama sankara nan gaba, sai a kashe shi tun bai girma ba.

Ran nan sai da mai unguwa ya yi kwana uku yana roƙon magidanta kafin su bar matansu su fito. Mun san sarai idan matan suka watse, ba za mu sake samun su ba sai bayan girbi. Na tsaya a gindin darbejiya na zuba bayani, na rufe da cewa ko zafin cizon sauro bai kai ba.

Sai Inna Talatu, ungozomar garin, wadda ba macen da ke motsi sai ta motsa, ta gyara zama ta ce, "Malama, wannan rashin zafin, ke kika ji da jikinki ko a takarda kika gani?"

Na ce, "Inna, ai har kwas na je a kansa."

Ta ce, "Ba kwas na tambaye ki ba, 'yar nan. An duba ki?"

Shekara huɗu ina wannan wa'azi, ba a taɓa duba ni ba. Dalilina kuma abin dariya ne. Wadda aka horar ta riƙa yin gwajin a tawagarmu ita ce Sa'adatu, 'yar aminiyata, kuma da hannuna na karɓi haihuwarta. Ni in kwanta a gaban yarinyar da na yanke wa cibi? Kullum sai in ce aiki ya yi mini yawa.

Na fara kame-kame, sai na ga mata suna laluben takalmansu. Kafin in ankara bakina ya riga ni, na ce, "To yau da ni za a fara."

A cikin ɗakin da aka ba mu don gwajin, Sa'adatu ta kasa haɗa ido da ni. Ta ce, "Mama, ko dai a bari sai mun koma Gumel?"

Na ce, "Yi aikinki, suna jin mu."

Suna ji kuwa, don labule ne kawai tsakaninmu. Ƙarfen nan na taɓa ni na saki salati da ƙarfi, saboda sanyinsa kamar daga randa aka ciro shi. Na ji dariya ta tashi a waje, muryar Inna Talatu ta fi ta kowa. Ina cikin jin haushi sai na lura Sa'adatu ta yi shiru fiye da minti ɗayan da na koya mata. Can sai ta yi magana.

"Mama, akwai fari ta gefen hagu."

Na tsorata ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Na ɗaura zanina na zauna, ina tunanin in fita in ce lafiya lau. Amma ƙarya ce ta kawo ni kan gadon nan, ban ga amfanin ƙara wata ba.

Na fita na ce musu, "Akwai sanyi, akwai kunya, kuma an ga tabo a jikina. Bai zama sankara ba tukuna, amma da na ƙara shekaru ina surutu, da ya zama."

Na ɗauka za su gudu. Inna Talatu ta miƙe ta cire mayafinta ta ce wa Sa'adatu, "Sa ƙarfen a ruwan ɗumi, ni ce ta biyu." Har la'asar muna aiki.

Bayan mako biyu aka kashe mini tabon da na'ura a babban asibiti, kuma gwajin da aka sake bayan shekara ya fito lafiya.

Abin da na koya shi ne, matan ƙauyen nan da nake rubuta wa "ƙarancin wayewa" a rahotona, kunyar da ke hana su ita ce ta hana ni, sai dai ni ina da farar riga da zan ɓuya a ciki. Yanzu duk sabuwar ma'aikaciyar da aka turo mini, kafin in ba ta lasifika sai na yi mata tambayar Inna Talatu. Sa'adatu kuwa har yau Mama take ce mini, ni ce dai na koma gaishe ta da "Malama".