Gwangwanin Kaka

Jiya da hantsi sojoji suka shigo unguwarmu a Difa, suna bincike gida-gida. Da ɗayansu ya jawo tsohon gwangwanin Kaka daga ƙarƙashin gadon Inna, wallahi na ɗauka da yayana za su tafi. Yanzu wa zai tsaya jin bayani in an ga albarushi a gidanka?

Na san gwangwanin nan. A ciki marigayi Kaka yake ajiye kayan ɗurin harsashi, lokacin muna bakin kogin Komadugu. Kwanson da ya harba yake sake cikawa, don korar gadu daga gonar tattasai. Yakan zauna kan tabarma, yatsunsa baƙi ƙirin, warin albarushi ya cika zaure. Ya ƙara kaɗan, ya je bayan gari ya gwada, ya dawo ya rage.

Na taɓa ce masa, "Kaka, cika shi mana ka huta!"

Ya ce, "Ke amarya, kin cika garaje. In ya yi yawa a fuskata bindigar za ta fashe, ki rasa miji."

Sojan ya ɓalle murfin. Irin tattasai ne fal, har sai da ya yi atishawa. Ya miƙa wa Inna, suka fita.

Daga baya Inna ta ce ranar da muka gudo saboda rikici, Kaka ya jefa bindigar da kayanta a kogi, ya cika gwangwanin da iri.

Allah ya jiƙanka, Kaka, ya sanyaya makwancinka. Allah ya maida mu bakin ruwa mu shuka irinka.